Shafin da Ya Cinye Rijiyar Irmiya

A wata ƙasa mai duwatsu akwai wani mutum, sunansa Irmiya, yana da lambun dashe a bakin rafi. Aikinsa renon itatuwa ne tun suna ƙanana: mangwaro, lemo, gwaiba, kashu da fiya. Yakan shuka ƙwallo a baƙar leda, ya yi ta ba shi ruwa, in ya kai kaurin yatsa sai ya aurar da shi, wato ya yanko reshen itace mai daɗin 'ya'ya ya haɗa da shi, ya ɗaure har su zama ɗaya. Shekara talatin yana wannan aiki, hannunsa kuwa yana da albarka. Amma abin da ya fi hannunsa suna shi ne bakinsa. In Irmiya ya ce maka dashen nan mai aure ne, to mai aure ne. In ya ce guda ɗari gare shi, ba sai ka ƙirga ba.

'Ya'yansa sun girma sun watse, daga shi sai matarsa Liyatu a gida. Abu ɗaya ne yake damunsu: rafin ya fara janyewa, kowace shekara yana riga bara ƙafewa. Saboda haka suka yi shekara uku suna tara kuɗin haƙa rijiya mai zurfi a tsakiyar lambun.

Wata rana da damina sai wata mata mai gonar itatuwa ta zo daga nesa. Kwana biyu ta yi tana tambayar hanya kafin ta same shi. Ta sayi dashe ɗari biyar, ta ji daɗin kayan. Da za ta tafi sai ta ce, "Baba, da kana da shafi a intanet, da tun bara na zo. Masu neman irin kayanka suna da yawa, ba su dai san inda kake ba."

Irmiya ya gyaɗa kai. Shafin da ya sani shi ne na littafin waƙoƙi. Yana da waya babba wadda ɗansa ya saya masa, amma ban da amsa kira da kallon hoton jikoki ba abin da yake yi da ita. Bai tambayi matar ba, don kada baƙuwa ta ga tsoho kamarsa bai san abin da kowa ya sani ba.

Ranar kasuwa ya je wurin wani mai buga katin biki da kalanda, ya tambaye shi. Mutumin ya nuna masa a kwamfuta, ya ce abin kamar shago ne, sai dai a cikin waya yake, kowa a duniya yana iya leƙawa. Ya ce zai gina masa nasa cikin kwana biyu a kan naira dubu talatin da biyar. Irmiya ya ga kuɗin ba laifi, amma ya san mai hankali ba ya saye a rumfar farko. Sai ya shiga mota ya tafi birni, aka nuna masa wani kamfani a saman bene. Suka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, suka ba shi shayi, suka yi masa bayani mai tsawo, rabi Hausa rabi Turanci, yana ta gyaɗa kai. A ƙarshe suka miƙa masa takarda: naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, aikin wata uku. Ya zaci mai rubutun ya yi kuskuren ƙara sifiri. Ya tambaya, aka ce ba kuskure.

Da ya komo gida ya faɗa wa Liyatu. Ta ajiye tsintsiyar hannunta, ta ce, "Maigida, abu ɗaya ne kuwa suka sa wa kuɗi?"

Ya ce, "Ni dai abu ɗaya na tambaya."

Suka yi ta juya maganar. A sana'arsu dashe yakan fi dashe da ɗari biyu ko uku, amma ba su taɓa jin abu ɗaya ya ninka kansa sau sittin da wani abu ba. Liyatu ta ce lalle ɗaya daga cikinsu macuci ne. Irmiya ya ce in kamfanin ne macuci, ai bai kamata ya samu bene da ma'aikata haka a fili ba. In kuma mai katin ne, tun yaushe macuci ya fara rage kuɗi? Suka tashi ba su san wanda za su zarga ba.

A ikilisiyarsu akwai wata mai suna Keziya, 'yar wani abokin Irmiya, wadda gina shafi shi ne aikinta a birni. Da ta zo ganin gida sai ya roƙe ta ta biyo ta lambu. Ta zo, ta zaga layi-layi tana dubawa, sannan suka zauna a kan benci. Ya tambaye ta nawa za ta karɓa. Maimakon ta faɗi kuɗi, sai ta fara tambayarsa. Wa yake so ya buɗe shafin, mai neman guda biyu ya dasa a tsakar gida, ko mai neman dubu? In mutum ya buɗe, me ake so ya yi, ya kira, ko ya biya, ko ya taso ya zo? In wani iri ya ƙare, wa zai shiga ya gyara? Kowace tambaya Irmiya sai ya ce shi dai so yake nasa ya zama kamar na mutane.

Da ya gaji ya ce, "'Yata, ni farashi na tambaye ki."

Ta ce, "Baba, in na yanka maka kuɗi yau, ƙarya zan yi maka. Mai kati bai cuce ka ba, kamfanin ma bai cuce ka ba. Kowa ya zaci abin da kake so ne, ya sa wa zatonsa kuɗi. Ni ba na so in yi zato da kuɗinka. Ku zauna da Mama ku yi shawara, in kun san abin da kuke so, sai ka kira ni."

Irmiya ya yi mata godiya a baki, amma ransa bai yi daɗi ba. Yarinyar da ya ci tuwon sunanta, yau ita ce take ba shi aikin gida kamar ɗan makaranta. Kuma ta ƙara rikita shi. Yaya mutum biyu za su faɗi kuɗin da suka yi nisa haka da juna, a ce duk gaskiya suka faɗa? Bai kira ta ba.

Wani direba ne ya haɗa shi da Barnaba, mai ƙaramin shago da kwamfuta biyu a garin da ke kusa. Barnaba mutum ne mai ladabi, ya iya aikinsa, ba macuci ba ne. Bai yi wa Irmiya tambaya ko ɗaya mai wuya ba. Duk abin da tsohon ya faɗa sai ya ce, "Ba damuwa, Baba." Ya ce zai karɓi dubu ɗari da tamanin. Hankalin Irmiya ya kwanta, domin a ganinsa kuɗin da ya faɗo tsakiya shi ne na gaskiya. Ya ɗiba daga kuɗin rijiya, ya ce wa Liyatu da zarar masu saye sun fara zuwa zai mayar.

Cikin mako biyu Barnaba ya haɗa shafi mai hotunan lambu, da sunan Irmiya, da lambar wayarsa, da kwatancen hanya. Ya ce saura kaɗan a gama. Amma Irmiya yana zaune a shagon sai ya hango wani shafi a ɗaya kwamfutar, inda mutane suke biyan kuɗi da kati. Ya tambaya ko nasa yana da wannan. Aka ce babu. Ya ce a sa masa. Barnaba ya sosa ƙeya, ya ce zai ƙara kuɗi, domin sai ya ɗauko wani wanda ya ƙware a wannan fanni, kuma aikin mako uku ne.

Irmiya ya ce, "Ai ba bulo za ka saya ba, ba kwano ba. Me zai ci kuɗin?"

Barnaba ya ce, "Kwanaki nake sayarwa, Baba, da ido da gadon baya."

Irmiya ya gyaɗa kai, ya biya. Bai gane ba.

Daga nan abin ya zama kamar ƙaiƙayi. Ya ga shafin wani yana da bidiyo, ya ce a sa. Wani ɗan kasuwa ya gaya masa mutanen tsallaken iyaka Faransanci suke ji, ya ce a fassara. Ya ga wani akwatin hira da yake amsa wa mutane tambaya da kansa ba tare da mai shi ba, abin ya ba shi sha'awa ƙwarai, ya ce a sa. Ya kuma ce a rubuta yawan kowane irin dashe a gefen hotonsa. Da Barnaba ya tambaye shi mangwaro mai aure nawa ne, sai ya ce dubu huɗu, domin ya haɗa har da waɗanda yake niyyar aurarwa kafin damina ta wuce.

Barnaba ya san a ransa yawancin abubuwan nan tsohon ba ya bukatarsu. Sau biyu yana buɗe baki zai faɗa, sai ya fasa. An rene shi a kan ba a musu da babba, kuma aiki aiki ne. Ga shi duk abin da aka ƙara sai ya taɓa wani. Da aka sa Faransanci hotuna suka daina buɗewa a ƙananan wayoyi. Irmiya ya tambaya don me zai biya kuɗin gyaran abin da ba shi ya ɓata ba. Barnaba ya yi bayani, ya sake yi, har shi kansa ya rasa wane aiki ne yake cikin cinikin farko, wane ne ƙari. Wata rana kuma ya tuna wa tsohon cewa akwai kuɗin haya da za a riƙa biya shekara-shekara. Irmiya ya ce abin da ya gina da kuɗinsa, yaya zai biya masa haya? Barnaba ya ce ginin nasa ne, amma filin da ginin ya zauna a kai a intanet na wasu ne. Wannan kaɗai Irmiya ya ɗan kama, shi ma bai ji daɗinsa ba.

Sau uku a mako yake shiga gari ya zauna kusa da Barnaba yana kallon abin da bai sani ba. Aikin lambu ya koma kan Liyatu. Lokacin aurarwa ya zo ya wuce, ko rabi ba a yi ba. Bayan girbi masu haƙa rijiya suka zo tambaya ko za su fara kamar yadda aka yi alkawari. Liyatu ta ce su dakata maigida ya dawo. Da ya dawo ta faɗa masa, sannan ta ce, "Saura me a gama shafin nan?"

Ya ce, "Saura kaɗan."

Ta ce, "Kaɗan ɗin me?"

Bai sani ba. Ta sake tambayar abin da za ta ce wa masu rijiya, sai ya juya yana gyara igiyar takalminsa. Ta dube shi, ta gane kuɗin ba sa nan.

Ana gab da Kirsimeti aka gama. Shafin ya yi kyau, ba a magana. Ga Irmiya a hoto yana murmushi a tsakiyar lambu kore shar. Barnaba ya nuna masa yadda zai shiga ya canza lamba in kaya sun ragu: a danna nan, a rubuta kalmar sirri, a danna can. Ya tambaya ko Baba ya gane. Irmiya ya gyaɗa kai.

Rani ya zo da ƙarfi a shekarar. Kafin watan Fabrairu ya ƙare rafin ya zama yashi. Irmiya da Liyatu suka koma jido da jarka daga rijiyar wani maƙwabci mai nisa. Amma tsofaffi biyu ba sa shayar da dashe dubbai da jarka. Dole suka zaɓi layin da za su ceta, suka bar sauran. Liyatu ta daina bi ta gefen da aka bari, don ba ta son ganin ganyen yana naɗewa. Cikin wannan wahala ba wanda ya tuna da shafi.

Ana dab da saukar ruwan farko sai ga wata babbar mota ta gangaro, ta tsaya a bakin lambu. Wani dattijo ya sauko, ya yi sallama, ya ce sunansa Malam Tukur, shugaban wata ƙungiyar manoma, yini guda suka yi a hanya. Ya zo ɗaukar mangwaro mai aure dubu uku. Ya ce ya ga shafin, ya bincika a wurin mutane aka ce masa maganar Irmiya ba ta tashi. Ya kuma rubuta a akwatin hira yana tambaya ko kayan suna nan, aka amsa masa cewa suna nan, ya zo kawai.

Irmiya ya kai shi layin da suka ceta. Ɗari uku ne da 'yan kai.

Malam Tukur ya daɗe yana kallon ledojin da suka bushe. Sannan ya ciro wayarsa, ya buɗe, ya miƙa. Ya ce, "Ba kai ne wannan ba?"

"Ni ne."

"Ba lambun nan ba ne?"

"Shi ne."

"To, wa ya ce mini akwai?"

Irmiya ya dubi koren lambun da ke cikin wayar, ya dubi wanda yake tsaye a ciki. Ba shi ya faɗa ba, ba Barnaba ba ne kuma. Wani abu ne da ya biya kuɗi aka sa masa, ya yi magana da sunansa, ya kuwa yi ƙarya.

Malam Tukur bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba kuɗin mota ne ya dame ni ba. Mutum arba'in na baro sun haƙa ramuka, na ce musu na samo mai gaskiya. Me zan je in ce musu?"

Irmiya ya roƙe shi ya kwashi ɗari ukun kyauta. Ya ƙi, ya ce shi ba roƙo ya zo ba. Ya biya, aka loda su a lungu ɗaya na motar, suka tafi. Har motar ta hau tudu ana jin ƙarar bayanta, irin ta motar da ba kaya.

Irmiya ya zauna a ƙasa, a nan inda yake tsaye. Can Liyatu ta kawo masa ruwa, ta zauna kusa da shi. Ba ta yi masa gori ba. Ta ce, "Maigida, tun farko me muke so ne?"

Ya kurɓi ruwan, ya ajiye. Sannan ya ce, "So nake wanda yake nesa ya san abin da ke lambun nan, ya kuma san hanya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ce ai in haka ne, tun mako biyun farko aka gama.

Kashegari suka tafi shagon Barnaba su biyu. Irmiya bai zauna ba sai da ya ce, "Ɗana, tun ranar da na shigo shagon nan ban gane komai ba. Gyaɗa kai kawai nake yi." Barnaba ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma ya sani, ya dai kasa faɗa ne. Irmiya ya ce a cire komai, a bar hoto na gaskiya, da yawan dashe, da lambar waya, da hanya. Barnaba ya ce cirewar ma aikin kwana huɗu ce. Tsohon ya buɗe baki zai tambayi yadda rushe abin da ba a iya taɓawa zai ci kwana huɗu, sai kawai ya yi dariya. Barnaba bai karɓi ko sisi a kan wannan ba. Ya zaunar da su, ya koya musu canza lamba a hankali, suna cewa a sake yana sakewa, har Liyatu ta yi da hannunta. Abin da ta fara rubutawa shi ne: mangwaro mai aure, babu; gwaiba, sittin.

Ba a haƙa rijiya a shekarar ba, ba a haƙa a ta biye ba. Lambun ya ragu, labarin motar kuma ya zaga, sai da aka ɗau lokaci kafin mutane su daina ƙirga dashe a gaban Irmiya. Har yau in wani manomi ya tambaye shi nawa ake gina shafi, yakan ce shi bai sani ba, amma abin yana tsakanin dubu talatin da biyar da rijiya guda.

To, 'yan'uwa, bari in buɗe muku ma'anar misalin nan iyakar abin da aka ba ni.

Lambun shi ne abin da Allah ya danƙa wa kowannenmu: zuciyarka, gidanka, aikin hannunka. Shafin kuwa shi ne abin da mutane suke gani game da kai daga nesa, sunanka da shaidarka. Shafi ba mugun abu ba ne. Matar nan gaskiya ta faɗa, akwai masu neman abin da Irmiya yake da shi. Kada wani ya fita daga nan ya ce malami ya hana intanet.

Ku lura kuma, rikicewar Irmiya ba zunubi ba ce. Tsoho mai aurar da mangwaro, ina zai san aikin kwamfuta? Ni da nake tsaye a gabanku, ban san dalilin da ya sa fassara take ɓata hoto ba. Abin da ya kashe lambun shi ne gyaɗa kai. Ya gyaɗa wa baƙuwa, ya gyaɗa wa kamfani, ya gyaɗa wa Barnaba, duk don kada a ce bai sani ba. Mu ma haka muke yi. Ana wa'azi muna cewa amin, alhali ba mu kama ba. An tambaye mu ko mun gafarta wa ɗan'uwa, mun ce i. An tambaye mu lafiyar gida, mun ce lafiya lau, gidan kuwa yana ci da wuta. Girman kai ba kullum yake zuwa da ɗaga kafaɗa ba. Sau da yawa da ladabi yake zuwa, yana gyaɗa kai.

Irmiya ya yi ta tambayar nawa ne, bai tambayi kansa don me ba. Wanda bai san abin da yake nema ba, duk abin da ya gani a hannun wani sai ya zama bukatarsa. Haka wasunmu suke zuwa wurin Ubangiji da ciniki: nawa zan bayar, sau nawa zan zo sujada, azumin kwana nawa ne zai isa? In Ubangiji ya aiko mana da mai tambaya irin Keziya, wanda zai ce me kake nema a gaskiya, sai ranmu ya ɓaci, mu tafi neman wanda zai ce mana ba damuwa. Masu cewa ba damuwa kuwa ba sa ƙarewa, kuma ba dukansu ne mugaye ba. A nan dole in faɗi nawa. Sau da yawa ni ne Barnaba. Dattijo ya zo mini da shawarar da na san za ta cuce shi, na buɗe baki, na rufe, na kira abin ladabi. Ba ladabi ba ne, tsoro ne. Mai ƙaunarka shi ne wanda zai yarda ranka ya ɓaci yau don lambunka ya rayu gobe.

Sai babban abin. Tsadar abu ba kuɗin da ka miƙa ba ne kaɗai, har da abin da ka bari don ka same shi. Irmiya yana gari yana gyara hoton lambu, lambun yana gida yana mutuwa. Da yawa a cikinmu muna yawo da hoton damina. Shaidarmu ta shekara goma da suka wuce ce, lokacin da muke addu'a da hawaye. Suna yana nan, kujerar gaba tana nan, rigar ƙungiya tana nan, amma ruwa ya janye tun tuni, ba mu canza lamba ba. Wata rana kuwa mota za ta tsaya a ƙofarka. Maƙwabciyar da mijinta ya rasu, ko saurayin da ya rasa inda zai sa kansa, za su zo domin an ce musu kai mai bin Almasihu ne. Sun haƙa rami suna jira. Me za su tarar?

Akwai abin da ni ma ban gane ba a misalin nan, ba zan ɓoye muku ba. Liyatu ba ta yi laifi ba, amma ita ta yi jido. Mutum arba'in ɗin nan ba su yi laifi ba, amma su suka rasa damina. Ban san dalilin da ya sa kuskuren mutum ɗaya yake sauka a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Abin da na sani shi ne haka yake faruwa, saboda haka kada ka ce rikicewarka taka ce kai kaɗai.

Ga abin da nake roƙonku a makon nan. Kowa ya nemi mutum ɗaya, matarsa, ko mijinta, ko dattijon ikilisiya, ya faɗa masa abu ɗaya da ya daɗe yana yi kamar ya gane. Ba sai ka zo da amsa ba. Allah bai taɓa korar wanda ya zo masa hannu wofi ba, in dai bai ce hannun cike yake ba.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, ga mu a gabanka. Abubuwa da yawa ba mu gane ba, mun kuwa daɗe muna yi kamar mun gane. Ka san abin da ya rage a cikinmu da rai, ka san abin da ya bushe. Ba mu ƙara ko ɗaya a kai ba. Ka karɓe mu haka, ka ba mu ruwa. Amin.